Rishon Malamin Dabbobi

Akwai kayan da a kan ajiye saboda tsadarsu, akwai kuma waɗanda a kan ajiye domin mai su ba ya son ganinsu, ba ya kuwa iya rabuwa da su. Rishon da za a ba da labarinsa a nan yana cikin kashi na biyu.

A wani gari na ƙasar Haɗeja akwai wani dattijo wanda ya ba shekara tamanin baya. Kowa Malamin Dabbobi ya ke ce masa, ko da ya ke ya daɗe da barin aiki. A cikin 1962, sa'ad da Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka haɗa kai don yaƙi da ciwon bushiya mai kashe shanu, yana cikin samarin da aka ɗauka su bi rugage suna yi wa dabbobi allura. Ya kan yi wata guda a daji bai kwana ƙarƙashin soro ba. Allah ya ja kwanansa har ya ji da kunnensa, a cikin 2011, an yi shela cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Daga wannan zamani abu biyu kaɗai suka rage masa. Ɗaya tabon ƙuna ne a hannunsa na dama, wanda kullum ya ke rufe shi da hannun riga. Ɗayan kuwa wani risho ne na tagulla mai ƙafa uku, yana kulle cikin akwatin ƙarfe a ƙuryar ɗaki.

Wannan risho ba irin mai lagwani ba ne da a ke gani a kasuwa. Irin mai famfo ne, sunansa Primus, watau "na farko" da harshen Latin. Wani maƙeri mai suna Lindqvist ya ƙago shi a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin cikin 1892, ya ɗauko dabarar daga fitilar nan mai hura wuta da masu aikin dalma ke amfani da ita. Saboda ƙarfin wutarsa matafiya suka so shi ƙwarai. Da irinsa Amundsen, mutumin Norwe, ya dafa abinci a tafiyar da ya kai ƙarshen duniya na kudu cikin 1911, da irinsa kuma Hilari da Tenzin suka narka ƙanƙara a kan Dutsen Eberest cikin 1953. Malamin Dabbobi wata uku ya yi yana tara sulalla kafin ya sayi nasa a wani kanti a Kano.

To, dattijon nan yana da jika, saurayi ɗan shekara ashirin, mai lambun albasa da tattasai a fadama. Da sanyi ya shigo ya zama tilas ya riƙa kwana can cikin bukka yana gadi. Itace ya yi wuya, hura wutar kara kusa da bukkar ciyawa cikin iskar hunturu kuwa neman masifa ne. Ran nan kakarsa ta aike shi ya ɗauko wata takarda cikin akwatin, sai ya yi kiciɓis da rishon, an naɗe shi da tsumma. Ya kawo shi gaban dattijon ya ce, "Kaka, ashe kana da irin wannan ka bar ni ina kwana da sanyin ciki? Ara mini mana."

Dattijo ya ɗaure fuska, ya ce, "Mai da shi inda ka ɗauko. Wannan ba abin wasan yara ba ne."

Saurayi ya so ya ja shi da wasa irin na jika da kaka, amma ya ga babu fuska. Ya tafi kamar zai mayar, sai ya ɓoye shi a zaure. Bayan sallar lisha, da gida ya yi tsit, ya cika tankin fal da kananzir, ya danna famfo wajen sau ashirin, ya ƙyasta ashana. Nan da nan kananzir ya yi tsartuwa sama, wata jar wuta ta tashi kusan tsayin mutum, baƙin hayaƙi ya turnuƙe zaure, harshen wuta yana neman azara. Saurayi ya ruɗe, ya sunkuci bokitin ruwa.

Sai ya ji murya daga bayansa, "Kul! Kada ka zuba! Ga wani ɗan makulli nan a gefen murfi, murɗa shi hagu!" Ya kare fuska da hannu, ya murɗa. Iska ta fita fuu, wuta ta lafa kamar an danne ta. Ɗan kananzir da ya zube ƙasa yana ci, dattijo ya ɗebo yashi ya rufe.

Saurayi ya tsaya yana jiran faɗa, amma kakansa bai ce masa kanzil ba. Daren nan dattijo bai rintsa ba. Ya ga cewa shekara da shekaru yana zaton kulle akwati shi ne tsare iyali, ashe abin da ya kulle sanin ne kurum, haɗarin yana nan waje yana jiran duk wanda ya buɗe. Gaskiyar masu magana, rashin sani ya fi dare duhu.

Da gari ya waye ya sa aka shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, aka kawo rishon da tsumma da sabulu da mazurari. Ya ce, "Zauna. Kafin ka taɓa ashana sai ka san abin da ke cikinsa."

Ya nuna masa cewa wannan risho ba ruwan kananzir ya ke ƙonawa ba, tururinsa ya ke ƙonawa. Famfo iska ya ke tura wa cikin tanki, iskar ta danne kananzir, ta kora shi sama cikin waɗansu lanƙwasassun bututu da ke kan rishon. Idan bututun nan sun yi zafi, kananzir ya kan zama tururi tun bai fito ba. Tururin ya fita ta wani ɗan ƙanƙanen rami wanda dattijon ke kira ido, faɗinsa wajen sulusin milimita, ya gauraya da iskar waje, ya kama da wuta shuɗiya mai gurnani, ba hayaƙi. Daga nan wutar da kanta ke riƙe zafin bututun. Idan kuwa suna da sanyi, ruwan kananzir ne zai fito tsagwaronsa, shi ne jar wutar da ta tashi jiya. Asirin abin duka ke nan: a gasa kai tukuna, sa'an nan a ba da iska.

Daga nan suka shiga duba lafiyarsa, gama abin da ya yi shekaru a ajiye ba a amince masa sai an gwada. Suka juye kananzir ɗin jiya, suka ɗauraye tanki da sabo har ya daina fito da gurɓi. Dattijo ya ce ruwa ko tsatsa a cikin tanki su ke sa wuta ta riƙa tari tana ɗaukewa, don haka kullum a tace kananzir da ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari.

Suka kwance famfo. A ƙarshen sandarsa akwai wata 'yar fata mai siffar ƙoƙo, ita ce ke tura iska. Ta fara bushewa, gefenta ya ƙanƙance. Dattijo ya ce alamar mutuwarta ita ce a ji famfo yana shiga salalaf ba ya turjewa. Maganinta a jiƙa ta da man keken ɗinki, in babu ko da man gyaɗa, a bar ta ta sha, a buɗa bakinta da yatsa a hankali, a mayar. In ta yage, baduku ya iya yanko wata daga fata mai laushi. Can ƙasan bututun famfon kuma akwai bawul, aikinsa ya bar iska ta shiga, ya hana kome dawowa. Idan aka ga sandar famfo tana tasowa da kanta, ko kananzir yana ɓullowa ta bakin famfo, to, bawul ya lalace. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin kananzir ne ke fitowa dab da wuta. Sai a saki iska nan take, a kai wa mai gyara, gama cire shi sai da wani dogon makulli nasa na musamman.

Suka duba zoben roba da ke cikin murfin tanki, suka tarar ya ƙage ya tsattsage. Dattijo ya ce wannan shi ke sa a yi ta famfo amma wuta ta yi ta raguwa, domin iska na zurarewa. Aka aika kasuwa aka samo sabo daidai bakinsa. Sa'an nan, tanki ba kome ciki, dattijo ya toshe ido da yatsa, jikan ya yi famfo, suka shafa kumfar sabulu a bakin murfi da gindin kai da duk inda aka yi liƙi. Inda iska ke fita, nan kumfa za ta riƙa kumbura. Suka bi jikin tankin da kyau, domin tsohuwar tagulla ta kan yi tsaga siririya kamar gashi. Dattijo ya ce, "Da mun ga tsaga a tanki, da yau ya zama abin ado. Tankin da ya tsage ba a kunna shi, ko na wane ne." Allah ya sa nasu lafiya lau.

Saura ido. Dattijo ya fito da wani ɗan falle na ƙarfe mai siririyar waya a bakinsa, watau tsinken risho. Ya ce in aka ga wuta ta karkace gefe guda, ko ta yi ƙasa alhali akwai iska, dauɗa ce ta toshe ido. Sai a soka tsinken a miƙe, sau ɗaya ko sau biyu, da ashana a kusa, don wuta ta kan ɗauke. Saurayi ya ce, "In tsinken ya ɓace, ai allurar ɗinki ta yi." Dattijo ya girgiza kai, ya ce allura ta fi ramin kauri, tana da tsini, buɗa shi za ta yi. Idon da ya buɗe ya kan fitar da tururi fiye da abin da iska za ta iya ci, wuta ta zama rawaya, ta baƙanta tukunya, ba kuwa ya komawa sai an sake sabo. In an sake ido, an tsokace, wuta ba ta gyaru ba, to, gawayi ne ya taru cikin bututun saboda daɗewa, sai mai gyara ya gasa kan ya kakkaɓe shi.

Da suka gama, ya koya masa kunnawa daki-daki. A ajiye risho a fili, a kan ƙasa mai daidai, nesa da zana da ciyawa, a kare shi daga iska. A zuba kananzir kashi uku cikin huɗu na tanki, domin iska ta sami wurin zama. A goge abin da ya zuba, a kai kwalbar nesa. A bar makullin iska a buɗe. A cika ɗan kaskon da ke ƙarƙashin kai da sifirit, a rufe kwalbarsa, a kawar, sa'an nan a kunna. A yi haƙuri kamar minti biyu. Sai sifirit ya kusa ƙarewa za a rufe makulli, a danna famfo sau uku ko huɗu. Tururi zai fito ya kama da ragowar wutar kaskon, in ta riga ta mutu a sa ashana. In wuta ta zauna shuɗiya a ƙara iska kaɗan kaɗan. In ja ta tashi, a buɗe makulli, a bari ya huce, a sake daga fari. In ana son rage wuta a sassauta makulli kaɗan a mayar, in ana son kashewa a buɗe shi duka. A buɗe kuma za a bar shi in za a ajiye, domin zafin rana kaɗai ya isa ya kumbura iskar da ke ciki ta turo kananzir waje.

Ya gargaɗe shi cewa wutar sifirit ba ta ganuwa sosai da rana, don haka kada ya kuskura ya ƙara sifirit a kasko sai ya tabbata ta mutu, kai ya huce. In ba a sami sifirit ba, a kan naɗa ɗan tsumma a kasko a jiƙa da kananzir, sai dai a sha hayaƙi. Kada a buɗe murfi don ƙara mai alhali wuta na ci ko tanki na da zafi. Kada a ɗora babbar tukunya mai faɗin gindi, domin ta kan mai da zafi kan tanki. Tankin irin wannan risho ya kan ɗauki lita guda da 'yar ɗoriya, ya yi wajen sa'a huɗu yana ci, ya tafasa litar ruwa cikin minti biyar, saboda haka babu dalilin gaggawa.

Saurayi ya ce, "Da dare in sanyi ya matsa sai in shiga da shi bukka, in ja asabari, in ji ɗumi." Dattijo ya ce, "Ka ji abin da ke kashe mutum yana barci." Ya bayyana masa cewa kowace wuta in ta rasa isasshiyar iska ta kan fid da wata guba wadda masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi, wani daga nan ba ya farkawa. Wanda ya ji haka kusa da wuta ya fita fili nan da nan. Risho na dafuwa ne a waje, maganin sanyi bargo.

Ya ƙara da cewa wutar kananzir ba a kashe ta da ruwa, domin mai ya kan hau bisa ruwa ya bi shi yana ci. Yashi ko jiƙaƙƙen buhu su ne maganinta. Wanda ya ƙone a yi ta zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai sanyi har minti ashirin, kada a shafa man ja ko ƙwai ko toka, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. Kananzir da sifirit kuma kada a zuba su a kwalbar lemo inda yara za su gani. Yaron da ya sha kananzir ba a sa shi amai, domin aman ke kai shi cikin huhu, asibiti za a yi da shi. Sifirit kuwa guba ne, ya kan makantar.

Sai saurayi ya yi tambayar da dattijo ke gudu tun safe. Ya ce, "Kaka, kananzir ya yi tsada. Ga fetur muna da shi a lambu na injin ban ruwa. In na ɗan gauraya fa?"

Dattijo ya yi shiru har saurayi ya zaci bai ji ba. Can sai ya naɗe hannun rigarsa, ya fito da tabon nan tun daga wuyan hannu har gwiwa. Ya ce kananzir mai nauyin jiki ne, ba ya fid da tururi mai kamawa sai zafinsa ya kai wajen digiri 38, shi ya sa ma ba a barin garwarsa a rana da bazara. Fetur kuwa ko cikin ƙanƙara tururi ya ke yi. In yana cikin tanki, abin da zai fito ta makullin iska ba iska ba ce, tururin fetur ne, ga kuwa wuta a bisansa. Watau makullin da ya cece su jiya, shi ne zai zama ajali. Don haka kananzir ɗin da a ke shakkar an gauraya shi, ko aka ji yana warin fetur, ba ya shiga risho ko fitila.

Ya ce, "Ba a littafi na karanta wannan ba. A shekara ta biyu ta aikinmu, muna wata ruga kusa da iyakar Nijar, kananzir ya ƙare. Ina da yaro mai yi mini dafuwa, bai kai shekarunka ba. Na ɗebo fetur daga motar aiki na zuba da hannuna. Ya ce, 'Maigida, wannan ba kananzir ba ne.' Na daka masa tsawa, na ce wa ya fi sani tsakanina da shi. Ya kunna. Da wuta ta yi yawa ya kai hannu ya murɗa makulli, kamar yadda ni na koya masa. Abin da na samu wajen janye shi ke nan. Shi kuwa hannunsa bai sake miƙewa ba."

Saurayi ya zuba masa ido. Ya ce, "Kaka, ba dai mai goron nan na ƙofar masallacin Juma'a ba?"

Dattijo ya ce, "Shi ne. Shekara sittin muna gaisawa, ina sayen goronsa, ban taɓa buɗe baki na ce laifina ne ba."

Suka yi jugum. Daga baya dattijo ya tura masa ashana, ya ce, "Kunna in gani." Saurayi ya bi yadda aka koya masa, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya jira sifirit ya kusa cinyewa, ya rufe makulli, ya danna sau uku. Wuta ta zagaye kai, shuɗiya shar, rishon ya ɗauki gurnani har kakarsa ta leƙo daga cikin gida, gama rabonta da jin wannan ƙara tun tana amarya. Aka ɗora buta, aka dafa shayi.

Dattijo bai sha ba. Ya sa aka juye a kwano mai murfi, ya ɗauki sandarsa, jikan na biye da shi, har ƙofar masallaci. Ya durƙusa gaban mai goro duk da ciwon gwiwarsa, ya ce, "Ran nan kai ne da gaskiya, ni ne na ƙi ji. Ka yafe mini don Allah."

Mai goro ya kama shi da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Haba Maigida, tashi. Ai tun ina kwance asibiti na yafe. Ashe abin yana ranka har yau?" Ya kurɓi shayin, ya dubi saurayin, ya ce, "Rishon ne ya dafa wannan? To, ɗana, ka riƙe shi da kyau. Amma in babba ya ce ka zuba abin da ka san ba shi ba ne, ka ba shi haƙuri, ka ƙi."

Da la'asar saurayi ya ɗaure rishon bayan kekensa, makullin iska a buɗe, tsinke a aljihu, kwalbar sifirit a naɗe daban. Kafin ya kafa shi a lambu sai da ya share fili taku biyar daga bukka, ya cika wani tsohon kwano da yashi ya ajiye a gefe.